Ra'ayi: Kafin a canza sensar kiranshaf, a bar wayar hannu ta ba da shaida

Akwai wata matsalar mota da duk wanda ta taɓa kama shi ba ya mantawa da ita. Da safe mota ta tashi da ki ɗaya, lafiya lau. A fita da ita, a yi minti talatin ko arba'in, a shiga cunkoso rana tana dukan bonet, sai injin ya ɗauke kamar an murɗe makulli. A yi ki, kikistata tana juyawa da ƙarfinta, amma injin ya ƙi kamawa. A tura ta gefen titi, a kira bakanike. Kafin ya iso a kan babur minti ashirin sun wuce. Ya zauna, ya murɗa makulli sau ɗaya, mota ta tashi sumul. Ya dubi mai motar ya ce, "Yallaɓai, ai motar nan ƙalau take."

Daga nan kashe kuɗi ke farawa. Yau a ce famfon mai ne, a canza. Bayan kwana uku ta sake mutuwa, a ce koyil ne. Sai fulogi, sai wankin nozul, har wani ya kawo shawarar a sayi sabuwar kwamfutar mota gaba ɗaya. Sau da yawa mai laifin wata 'yar na'ura ce da ba ta fi ɗan yatsa girma ba, wato sensar kiranshaf, ko kuma wayoyin wutan da ke haɗa ta da kwamfutar.

Wannan lalube ne cikin duhu, kuma a yau uzurin yin sa ya ragu ƙwarai, domin wayar hannun da ke aljihun mai motar tana iya shaida abin da ya faru a daidai lokacin da injin ya mutu. Sai dai wani sabon kuskure ya fara yaɗuwa a tsakanin matasa masu sha'awar fasaha: mutum ya sayi 'yar na'urar sikanin, ya ga lambar P0335 a allon wayarsa, ya bincika a Google, ya ruga kasuwa ya sayo sensa. Shi da bakaniken da ya canza famfon mai da ka abu ɗaya suka yi, sun yanke hukunci kafin a saurari shaida. Matsalar da ke zuwa tana tafiya ba ta jin wannan salon. Sai an kama ta tana cikin aikata laifin.

Aikin da sensar ke yi

Kiranshaf shi ne ƙarfen da ke ƙasan injin, wanda fistin ke turawa ya juya, juyawarsa kuma ta bi ta giya ta kai ga tayoyi. Kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbokis, dole ta san abu biyu a kowane lokaci: saurin da kiranshaf ke juyawa, da kuma daidai inda juyin ya kai. Da su take sanin lokacin da nozul zai fesa mai da lokacin da koyil zai ba fulogi wuta.

Don ta san haka, an ɗaura wa kiranshaf wani faifan ƙarfe mai haƙora. A motoci da yawa, musamman na Turai, an raba da'irar faifan gida 60 aka cire haƙora 2, saura 58, kowane gida yana daidai da digiri 6 na juyi. Wasu kamfanonin suna amfani da gida 36 su cire ɗaya ko biyu. Sensar tana tsaye daf da faifan tana jin wucewar kowane haƙori. Giɓin da aka bari shi ne alamar farawa: duk sanda ya wuce, kwamfuta ta san inda fistin na farko yake, ta ci gaba da ƙirga daga nan.

Sensar iri biyu ce. Ta farko tana da mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye masu yawa. Ba ta buƙatar a ba ta wuta, wucewar haƙoran ce ke sa ta samar da tata, kuma ƙarfin siginarta yana ƙaruwa da saurin juyi. Yawanci wayoyi biyu gare ta, wani lokaci da na uku na kariya. Ta biyu ita ce mai aiki da tasirin Hall, wanda Edwin Hall ya gano a shekarar 1879. Ita tana da 'yar da'irar lantarki a ciki da wayoyi uku: na karɓar wuta, galibi volt 5 ko 12, na ƙasa, da na fitar da sigina.

Idan siginar ta ɓace, kwamfuta ba ta yin caca. Tana tsayar da wutar fulogi da feshin mai nan take, a motoci da yawa kuma har famfon mai take kashewa, tun da a ganinta injin ya daina juyawa. Nan ne famfon mai ke shan ƙazafi. Bakanike ya kasa kunne bai ji ƙarar famfo ba, ya duba fulogi babu wuta, sai ya kama waɗanda ya gani a wurin, alhali umarni aka ba su su tsaya.

Me ya sa take zuwa tana tafiya?

Duk mai wayar hannu ya san kebul ɗin cajar da ba ya caji sai an lanƙwasa shi ta wani gefe an danne da littafi. A ido lafiyarsa ƙalau, amma zaren da ke ciki ya tsinke, yana taɓawa yana saki. Yawancin matsalar sensar kiranshaf irin wannan ce, sai dai a mota zafi da jijjiga ne ke yin lanƙwasar.

Siririyar wayar da ke cikin sensa tana iya tsinkewa a wuri guda. Da sanyi bakunan biyu suna manne, wuta tana wucewa. Injin ya yi zafi, kayan cikin sensar su buɗa, bakunan su rabu, sigina ta ɗauke. A bar mota ta huce, su sake haɗuwa. Wannan ne sirrin minti ashirin ɗin da bakanike ya yi a hanya. A sensar Hall kuwa, dalmar da ta riƙe ƙafafun 'yan na'urorin ciki ce ke tsagewa, ita ma zafi ke buɗa ta. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, motar da ke tsaye a cunkoso ba ta samun iskar da za ta rage wa ƙasan bonet turiri, don haka ciwon ya fi tashi a lokacin.

Amma sensar kanta ɗaya ce kawai daga cikin waɗanda ake zargi. Wayoyinta suna bi ta kusa da salansa da belt, robarsu tana bushewa ta tsage, ko ta goge a jikin ƙarfe. Soket ɗinta yana iya sakin jiki, ko baƙin mai da ke yoyo ya shiga ciki, ko ruwan wankin injin da aka fesa da ƙarfi ya bar tsatsa a kan filoli. Mayen ƙarfen da ke bakinta yana tara garin ƙarfe har ya dusashe siginar. Idan an taɓa sauke injin ko giya, haƙorin faifan yana iya lanƙwashewa, ko tazarar da ke tsakanin sensa da faifan, wadda ba ta cika wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, ta canza. Wayar ƙasa ta injin idan ta yi sako-sako, ko wayar fulogi mai yoyon wuta da ta ratsa kusa, su ma suna iya cusa hayaniya a cikin siginar. Yawancin waɗannan, sabuwar sensa ba ta magance su.

Darasin da ke cikin kiranyen Nissan

A shekarar 2007 kamfanin Nissan ya nemi a dawo da motoci sama da dubu 600 a Amurka, samfurin Altima da Sentra masu injin lita 2.5 na shekarun 2002, 2005 da 2006. Bayanin da aka shigar gaban hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar ya nuna cewa sensar kiranshaf tana iya yin zafi ta katse siginarta na ɗan ƙiftawa. Katsewar tana iya gajarta har kwamfutar motar ba ta samu lokacin gane cewa matsala ta faru ba, sai injin ya mutu babu gargaɗi ana cikin tafiya a hankali. Gyaran da aka yi wa motocin shi ne sabunta manhajar kwamfutarsu.

Abu biyu ke cikin wannan labari ga duk mai riƙe da na'urar sikanin. Na farko, mota tana iya mutuwa saboda sensar nan kuma ƙwaƙwalwarta ta kasance babu lamba ko ɗaya. "An sa mata kwamfuta ba ta nuna komai ba" ba ya wanke kowa. Na biyu, injiniyoyin da suka ƙera motar, da suka bi diddigin abin, sun ƙare a wurin da mai canza kaya da ka ba zai taɓa dubawa ba. Irin waɗannan motoci kuma suna cikin na hannu da ake shigowa da su Najeriya daga Amurka, saboda haka labarin bai yi nisa da garejin unguwa ba.

Abin da wayar hannu za ta iya

Tun daga samfurin 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tsarin OBD-II. Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Shi ya sa kusan duk motar hannu da ke yawo a titunan Kano, Kaduna ko Maraɗi tana da wani soket mai rami 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari. A nan ake cusa 'yar na'urar da aka fi sani da ELM327, sunan da ya samo asali daga wani guntun lantarki na kamfanin Elm Electronics na Kanada, ko da yake yawancin na kasuwa kwaikwayo ne. Tana haɗuwa da wayar Android ta Bluetooth. Masu iPhone su lura, mai Wi-Fi ko mai Bluetooth LE za su nema, domin tsohon nau'in ba ya haɗuwa da ita. Manhajoji irin su Torque da Car Scanner su ne ke karanta abin da na'urar ta ɗauko.

Yawancin mutane a shafin lambobi suke tsayawa. Lambobin da suka shafi sensar nan biyar ne a jere: P0335 matsala a da'irarta, P0336 siginar da ta fita daga yadda ake tsammani, P0337 siginar da ta yi ƙasa, P0338 wadda ta yi sama, P0339 wadda ke zuwa tana yankewa. A lura cewa da'ira ake magana, wato sensa da soket da wayoyi har zuwa bakin kwamfuta. Lambar tana faɗin unguwar da ɓarawon yake ne, ba ta nuna gidansa.

Tare da lambar akwai abin da ya fi ta daraja. A lokacin da kwamfuta ta rubuta laifi, tana ɗaukar hoton halin da injin ke ciki: zafin ruwa nawa, gudun mota nawa, juyin injin nawa. Akwai kuma lambobin da ke jiran tabbaci, waɗanda kwamfuta ta gani sau ɗaya amma ba ta kunna fitilar gargaɗi a kansu ba tukuna. Duk wannan yana gogewa da zarar an danna maɓallin share lambobi, a motoci da yawa kuma cire kan batir ma yana tafiya da shi. Abin takaici, su ne abubuwa biyu da aka fi saurin yi a bakin titi. Duk wanda zai taɓa maɓallin sharewa, ya fara ɗaukar hoton allo na kowane shafi.

Babban amfanin wayar shi ne naɗar bayanai ana cikin tafiya. Masu rubuta manhaja sun san wannan yanayi sarai: mai amfani ya kawo ƙara cewa manhaja tana rufe kanta, a buɗe ta a gabansa ta yi aiki lafiya. Babu mai hankalin da zai fara goge sassan manhajar yana sake rubutawa da fatan ya dace. Abin da ake yi shi ne a sa ta riƙa rubuta duk abin da take yi, a jira ta sake faɗuwa, a karanta layukan ƙarshe. Haka za a yi wa mota. A zaɓi abubuwa huɗu kawai don na'urar ta yi sauri: juyin injin a minti, wato RPM, da gudun mota, da zafin ruwan injin, da ƙarfin batir. A kunna naɗa, a ajiye wayar ko a miƙa wa wanda ke gefe, a bi hanyar da motar ta saba mutuwa a lokacin da ta saba mutuwa, amma a zaɓi wuri maras hatsari.

Idan ta mutu, kada a jira ta huce. A yi ki nan take ana kallon allo, domin minti biyar ɗin nan sun fi kwana biyar a gareji. Injin da kikistata ke juyawa yakan nuna RPM tsakanin 150 da 250. Idan kunne yana jin injin yana juyawa, zafin ruwa da batir suna nunawa daidai, amma RPM ya tsaya a sifili, to kwamfuta tana raye amma ba ta ganin kiranshaf, kuma zargi ya hau kan sensa da wayoyinta. Idan RPM yana nunawa amma injin bai kama ba, siginar tana zuwa, sai a koma ga mai, koyil ko na'urar tsaron makulli. Idan kuwa duk bayanan suka yanke lokaci guda, wayar ta ce ta rasa hulɗa da mota, to kwamfutar ce ta rasa wuta, kuma rile ko fiyus ko wayar ƙasa za a bincika. Idan batir yana faɗuwa ƙasa da volt 9.6 lokacin yin ki, a fara da shi, domin juyi maras ƙarfi yana sa sensar mai mayen ƙarfe ta ba da sigina mai rauni har kwamfuta ta rubuta mata laifin da ba nata ba.

Yadda motar ta mutu ma shaida ce. Famfon mai da ke gazawa yakan sa mota ta yi tari, ta rasa ƙarfi, sannan ta mutu. Ɗaukewar sigina kuwa farat ɗaya take zuwa. A mota mai giyar hannu, idan tana gangarawa cikin giya, tayoyi suna tilasta wa injin juyawa, amma allurar RPM ta faɗi sifili, wannan hujja ce mai ƙarfi. A tuna kuma cewa wasu motocin suna iya dogara da sensar kamshaf idan ta kiranshaf ta ɗauke, sai su tashi bayan doguwar ki su yi tafiya babu kuzari.

Inda wayar ta tsaya

Wayar hannu shaida ce, amma idonta ba shi da sauri. A yi lissafi. Injin da ke juyi 3,000 a minti yana yin 50 a daƙiƙa ɗaya. A ninka da haƙora 58, za a samu bugu 2,900 a kowace daƙiƙa. Ita kuwa na'urar sikanin mai araha tambaya take yi kwamfuta ta amsa, sau 'yan kaɗan a daƙiƙa, kuma adadin da take karɓa an riga an tace shi. Idan sigina ta ɓace na haƙora uku ko huɗu, mota ta yi 'yar fizga, allon waya ba zai nuna komai ba. Wanda ke ganin kowane haƙori shi ne osiloskop, na'urar da ke zana siffar siginar a allo. A kanta ake ganin haƙorin da ya lanƙwashe, da hayaniyar da ta shigo, da lokacin da siginar ta tsinke. Akwai ƙanana masu haɗuwa da laftof, kuma mai wayarin da ke son ya bambanta da saura a wannan zamani ya kamata ya mallaki ɗaya ya koyi karanta ta.

Akwai kuma lambobin da ke ambaton kiranshaf alhali sensar lafiyarta ƙalau. P0016 tana nufin juyin kiranshaf da na kamshaf ba su daidaita ba, kuma sau da yawa sarƙar taimin ce ta saki ko belt ya tsallake haƙori. Wanda ya ga sunan ya sayi sensa ya bar ciwon da ke iya lalata injin gaba ɗaya.

A gareji, a tayar da ciwon da gangan

Da zarar shaida ta nuna da'irar sensa, aikin bakanike shi ne ya sa matsalar ta faru a gabansa. A bar injin yana aiki, a bi wayoyin sensar daga soket zuwa sama ana girgiza su a hankali, ana nesa da fanka da belt. Idan injin ya yi fizga ko ya mutu a wani wuri, an samu wurin. A cire soket a duba da fitilar waya: mai, kore-koren tsatsa, ko filin da ya ja baya.

Sensar mai mayen ƙarfe ana auna ta da maltimita. Adadin ya bambanta daga mota zuwa mota, daga ɗaruruwan ohm zuwa dubu biyu da wani abu, saboda haka a nemi na wannan injin takamaimai. Awon sanyi shi kaɗai ba ya isa, tun da ciwon na zafi ne. A ciro ta, a haɗa mita, a riƙa hura mata na'urar busar da gashi. Tagulla tana ƙara turjiya da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, don haka adadin zai riƙa hawa sannu a hankali, kuma wannan daidai ne. Idan ya yi tsalle farat ɗaya mita ta nuna hanya ta yanke, sannan ya dawo bayan ta huce, an kama mai laifi. Sensar Hall ba a yi mata wannan awon. Ita ana kunna makulli a tabbatar wutarta tana zuwa, ƙasanta yana da kyau, sannan a duba siginar ana juya injin.

Ƙa'ida ta ƙarshe ita ce a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wanda ya canza sensa da koyil da rile rana guda, ko da motar ta warke bai san abin da ya warkar da ita ba, kuma ya biya kuɗin uku. Bayan gyara, a sake bin hanyar nan a irin zafin nan ana naɗar bayanai. Wasu motocin kuma, irin na General Motors, suna buƙatar a sake koya wa kwamfuta sabuwar sensa da babbar na'urar sikanin, in ba haka ba lambar P0315 ta fito.

Hujjar masu cewa a canza kawai

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne. Sensa ba ta kai famfon mai tsada ba, a wasu motocin noti ɗaya ke riƙe da ita, me zai hana a canza a gani? Maganar tana da gaskiya a cikinta. Idan alamomi sun taru, mota tana mutuwa da zafi, RPM yana sifili, wayoyi lafiya, to canza sensar ko ba a yi awon zafi ba mataki ne na hankali. Bakaniken da ya shekara ashirin yana gyara iri ɗaya na mota ya san inda kowace ke yawan ciwo, kuma wannan ilimi ne da babu manhajar da ke da shi. Ɗan tasi ko mai kai kaya da ke cin abinci da motar kullum ba shi da kwana uku na gwaji.

Amma a dubi abin da ke faruwa idan an canza ba tare da shaida ba. Ciwon da ke ɓuya yana iya yin mako bai tashi ba don kansa, sai kowa ya ɗauka an gyara, mai mota ya ɗauki iyali ya hau hanyar Kaduna. Cire soket da mayar da shi kaɗai yana iya gyara haɗin na ɗan lokaci, sabuwar sensa ta karɓi yabon, tsohuwar mai kyau ta tafi bola. Ga kuma jabu, wanda kwalinsa ya fi na asali kyau amma siginarsa ba ta kai ba. Araha ba ta ado: an cire ta asali an sa ta banza, matsala ɗaya ta zama biyu, kuma yanzu kowa ya cire sensa daga zargi tun da "sabuwa ce". Daga nan ne ake kaiwa ga sayen birenbokis. Don haka ko an yanke shawarar canzawa, a ajiye tsohuwar, kuma a nemi ta kamfanin da ke yi wa motar kaya tun asali, irin su Denso ko Bosch, daga hannun wanda aka amince da shi.

Akwai kuma batun ladabi. Matashin da ya shiga gareji yana daga waya sama yana cewa ya riga ya san matsalar ba zai samu haɗin kai ba. Wanda ya ce, "Oga, ga abin da na naɗa jiya da ta mutu, RPM ya faɗi sifili ruwa yana digiri 96, ko za ka duba mana wayoyin sensar kafin a sayi komai?" ya ba bakanike abin da ya fi buƙata, wato ganin abin da ya faru a bayan idonsa. Kuma ya kamata masu mota su saba da biyan kuɗin bincike. Muddin bakanike ba ya samun komai sai ya ɗaura sabon kaya, to kaya zai ci gaba da ɗaurawa.

Ba batun kuɗi kaɗai ba ne

Injin da ya mutu ana tafiya yana tafiya da taimakon sitiyari a motocin da ke da famfon sitiyari, sai ya yi nauyi a hannu. Taimakon birki kuma taka ɗaya ko biyu ya rage kafin feda ya ƙage. Idan hakan ya faru ana tsakiyar wuce tirela, ko da dare a hanyar da ba a son tsayawa, maganar ta wuce ta gareji. Motar da ta taɓa ɗaukewa sau biyu ba ta doguwar tafiya ba ce har sai an gano dalili an tabbatar da gyara.

Ita ma na'urar sikanin tana da nata sharaɗin. Rami na 16 a soket ɗin yana da wutar batir ko an kashe mota, saboda haka idan an bar ta a ciki kwanaki tana iya shanye batir. Masu araha kuma galibi lambar sirrinsu 1234 ce ko 0000, kowa na kusa zai iya haɗawa. A cire ta idan an gama. Direba kuma kada ya riƙa kallon allo yana tuƙi, wannan aikin na wanda ke zaune a gefe ne.

Duk wanda motarsa ke wannan hali, abin da zai yi a makon nan ba shi da yawa. Ya samu na'urar, ya gwada ta tun mota tana lafiya don ya san adadin da ta saba nunawa, ya rubuta lokaci da wuri da zafin ruwa duk sanda ta mutu, ya hana kowa share lamba ko cire batir kafin a ɗauki hoto. Sannan ya je gareji da abin da ya tara. Gani ya kori ji, kuma bakaniken kirki zai yi murna da shi.